Sunan da Aka Ƙwace wa Wilf

Lionel Keldshaw, kai ne ka sa yayana yake kwance a maƙabartar Osgill babu suna a kansa. Ba zan ce "wasu mutane" ba, ba zan ce "ƙungiya" ba. Kai ne, da bakinka, a gaban jama'a.

Ni ce Thirza Keldshaw, ƙanwar Wilf, in ka manta. Ba na jin ka manta, don ka sha shayina har ka san gwangwanin da nake zuba sukari. An ce mini mujallar ƙungiyar nan taku ta zuriyar Keldshaw tana isa hannun duk mai wannan suna, daga Kanada har Ostareliya. Shi ya sa na zauna nake rubuta wannan, su ma su ji. Ban yi nisa a makaranta ba, tumaki suka cire ni, saboda haka kar wanda ya tsaya gyara mini magana. A buga yadda na faɗa.

Ranar da ka fara zuwa ana yayyafi. Ka ajiye mota daidai inda motar madara take juyawa, ka tako mana fili da takalmin da bai taɓa ganin taɓo ba. Wilf yana ƙasan gona yana ɗora katangar dutse da ta zube.

"Kai ne Mista Keldshaw?" ka ce.

"Tun ranar da aka haife ni," in ji Wilf.

"To ni ma Keldshaw ne. Daga Surrey."

Wilf ya ajiye dutsen hannunsa, ya dube ka daga hula har takalmi. "Hannun nan naka bai yi kama da namu ba," ya ce. "Amma hancin, Allah ya ba ka haƙuri, namu ne. Shigo ka sha shayi."

Ba na ƙwace wa mutum abin da yake nasa, ko da shi ya ƙwace mana. Ka san aikinka. Mu da muke amsa sunan nan tun kaka da kakanni ba mu taɓa zama mun tambayi me yake nufi ba, kamar yadda mutum ba ya tambayar me ya sa ƙafarsa take da yatsu. Kai ka zauna a kicin ɗina, kana cin kek mai zabibi da yankan cuku a kai, ka warware mana. Ka ce rabin farko na sunan, mutanen arewa ne suka kawo shi, waɗanda suka ƙetaro teku a jiragen katako tun zamanin da, kuma idon ruwa yake nufi. Rabin na biyu tsohon Ingilishi ne, ɗan kurmi ke nan. Idon ruwa a bakin kurmi. Wani mutum ya yi bukka a wurin, aka riƙa ce masa na Keldshaw, 'ya'yansa suka gaji kiran, shi ke nan ya zama suna. Ka ce ka daɗe kana neman wurin a taswira ba ka samu ba.

Wilf ya ce, "Taswirar me? Ga shi can a saman gonata. Tumakina ke sha."

Na ba ka takalmin roba na Wilf, muka hau da kai. Ka durƙusa a gindin bishiyoyin nan da iska ta tanƙware, ka tsoma hannu a ruwan, idonka ya ciko. Na gani. Abin da ya sa na yarda da kai ke nan.

Daga nan ka mai da gidanmu naka. Duk shekara sai ka zo, kullum da sabon labari. Ka ce duk duniya masu sunan nan ba za su cika babban coci ɗaya ba, kuma kowannensu daga wannan ruwa ya fito. Ka gaya mana yadda suka watse lokacin da ramukan darma na kwarin nan suka rufe. Wasu suka gangara masaƙun Lancashire, wasu suka yi Liverpool suka hau jirgi, wannan ya sauka a Kanada, wancan bai tsaya ba sai Ostareliya. Kakan kakanka kudu ya yi, ya zama akawu a tashar jirgin ƙasa. Wilf yana jin daɗin labaran nan ba kaɗan ba. Mutumin da bai taɓa wuce Leeds ba, sai ga shi a kasuwar tumaki yana cewa, "Kun san muna da likitan haƙori a Ontario?" Su ce masa, "To je ka ya gyara maka naka, kafin ragowar su zube."

Duk waɗanda kake lissafawa waɗanda suka tafi ne. Wadda ta zauna mace ce, Annis Keldshaw, uwar kakanmu. 'Yan'uwanta maza duk suka kama hanya, suka bar ta da tsohon uba gurgu, da tumaki, da idon ruwa. Ta yi ciki ba aure. Wasu suka ce wani magini ne da ya zo ɗora katanga ya wuce, wasu suka ce mai wa'azi ne. Ita ba ta faɗa ba har ta mutu. Ta haifi Jabez, kakanmu, kuma ka san yadda ake yi, ɗan da ba a ba shi uba ba sunan uwarsa yake ɗauka. Ta ɗebo ruwa daga idon nan a kofin gwangwani, ta kai coci da ƙafarta, ta tsaya a tsakiyar matan da ba sa gaishe ta, aka yi masa baftisma da shi. Tun daga nan duk ɗan Keldshaw da aka haifa a Osgill, da ruwan nan ake yi masa, a kofin nan. Ba don Annis ba, da ka zo ka tarar da gonar a hannun wasu, babu ko mutum ɗaya da zai buɗe maka ƙofa ya ce shi ne.

Wannan ba asiri ba ne. Duk Osgill an sani. Kai ma ka sani, don Wilf da kansa ya gaya maka, ranar da ka zo da tsinken nan mai auduga a kai, ka ce ya buɗe baki a goga cikin kumatunsa, za a aika gwaji a ga yadda jinin mazan Keldshaw ya haɗu.

"Ni fa?" na ce. Ni ban yi aure ba, ban taɓa amsa wani suna ba sai wannan.

"Ban da mata, Mis Keldshaw," ka ce. "Abin da muke bi daga uba zuwa ɗa yake tafiya."

"To za ka tarar da magini a cikin nawa," in ji Wilf, "ko mai wa'azi. In mai wa'azi ne kar ka gaya wa Thirza. Dama ba ta rasa huɗuba ba."

Ka yi dariya, ka ce ba komai, tarihi ne kawai.

Shekarar da ta biyo ka kira babban taro na farko, duk Keldshaw na duniya su zo Osgill a watan Yuni su ga tushensu. Ka ce wa Wilf shi ne babba a gida, shi zai ɗebo kofin farko a idon ruwa ya miƙa wa baƙi. Mutumin nan ya yi ta shiri kamar mai aurar da 'ya. Ya yashe idon ruwan, ya kwashe ruɓaɓɓen ganye, ya jera duwatsun takawa don kar matan birni su zame. Ya sa na kai kwat ɗinsa na zuwa jana'iza wanki har cikin gari. Ni da maƙwabciyata Noreen muka yi ta gasa kek har hannuna ya kumbura.

Dogayen motoci biyu suka zo. A ƙofar zauren taro ka sa tebur, matarka tana raba bajo, kowa da sunansa da ƙasarsa. Bajon kala biyu ne, shuɗi da fari. Aka maƙala wa Wilf fari, ni ma fari.

Noreen ta zungure ni. "Ke, mene ne bambancin?"

"Ƙila fari na masu masauki ne."

"To waccan mai jar fuskar daga Ostareliya fa? Wa ta ba masauki?"

Ba a daɗe ba muka ji. Ka hau dandamali, aka haska hoton wata ƙatuwar bishiya a bango, kowane reshe da sunan ƙasa. Ka yi bayani mai daɗi, har na ce wa Noreen mutumin nan da fasto ya zama da coci ya cika. Ka ce masu shuɗi su ne waɗanda gwaji ya nuna jininsu ya gangaro daga uba zuwa ɗa tun mutumin farko, su da 'ya'yan cikinsu. Masu fari kuwa matan aure ne, da 'ya'yan riƙo, da waɗanda ka kira abokan suna. Sai ka nuna wani ɗan reshe can gefe, an zana shi da ɗige-ɗige, bai ma taɓa jikin bishiyar ba.

"Wannan shi ne reshen Osgill," ka ce. "Abin ban sha'awa ne ƙwarai. Waɗanda suka tsare mana wurin nan, a gaskiyar magana, ba Keldshaw ba ne. Sunan aro ne a wurinsu, daga wata mata."

Wata mata. Ko sunanta ba ka kira ba.

Wani ya yi dariya a baya, ba da mugunta ba, irin dariyar da ake yi in mai magana ya dakata yana jira. Mutanen garinmu da suka zo taya mu jera kujeru suna tsaye a bakin ƙofa, duk sun ji. Wilf yana layin gaba, hularsa a gwiwa. Na ga ƙeyarsa ta yi ja. Na miƙe zan yi magana, ya kama mini siket.

"Zauna, yarinya," ya ce. "Muna da baƙi."

Na haura saba'in a lokacin, yarinya yake ce mini. Na zauna.

Da aka hau idon ruwa ka ce an ɗan yi canji. Tunda gwaji ya nuna Doug na Ontario, likitan haƙorin nan, shi ya fi kusa da tushe, shi ya dace ya ɗebo kofin farko. Ka miƙa hannu, Wilf ya zaro kofin Annis daga aljihun kwat ya ba ka. Doug mutumin kirki ne, murna kawai yake yi, bai san an riga an yi wa wani alkawari ba. Ya ɗaga ƙafa zai taka, Wilf ya ce, "Ban da koren dutsen nan, ɗan'uwa, yana da santsi." Sai ya gyara, ya ce, "Yi haƙuri. Mista."

Kowa ya sha, aka yi hotuna, aka tafa. Kuka hau motocinku kuka bar mana wanke-wanke. Wilf ya ɗora kofin a saman kabad, bai sake taɓa shi ba.

Mutanen nan namu ba su da mugunta, amma bakinsu ba ya zama. Ranar kasuwar tumaki da ta biyo, Wilf yana shiga wani ya ce, "Ga mai sunan aro nan. Yaushe za ka mayar, Wilf? Masu shi suna jira." Wani ya ce, "Ku bar shi mana, yau dai Keldshaw ne. Wilf, in ka gaji da shi ga nawa, ban cika amfani da shi ba." A da, da Wilf ya rama musu har sai sun riƙe ciki. Ranar murmushi kawai ya yi, ya sayar da ragunansa, ya dawo gida bai tsaya shan ko kofi ɗaya da su ba. Daga nan mijin Noreen ne yake kai masa tumaki kasuwa. Mai kawo wasiƙa ya ce masa, "Barka da safiya, Mista Keldshaw," shi kuwa ya ce, "Wilf kawai." Ganye ya sake cika idon ruwa, bai hau ba.

Na yi masa faɗa, kar ka ɗauka ban yi ba. Na ce, "Yanzu kai saboda jikan wani akawu da tsinken goge kunne za ka ajiye sunan ubanka?"

"Ba tsinken ba ne, yarinya," ya ce. "Abin da tsinken ya faɗa na san shi tun ina yawo ba wando. Amma ban san aro nake yi ba. Ni ban taɓa riƙe abin wani ba. Ko tsani na ara, a ranar nake mayarwa."

Haka yake kuwa. Tambayi kowa a kwarin nan.

Ban ce kai ka kashe shi ba. Tsufa da ciwon ƙirji suka kashe shi, cikin sanyin Fabrairu. Ba na ɗora wa mutum abin da bai yi ba. Amma wata safiya a asibiti, ana saura kaɗan, na kai masa shayi a fulas don ya ce nasu ruwan wanki ne, ya kama hannuna ya ce, "In za ki sa dutse, ki rubuta Wilf kawai."

"Ba zan yi ba."

"Za ki yi. Ba zan kwanta a ƙarƙashin abin da aka ce a gaban jama'a ba nawa ba ne. Mutanen nan za su riƙa zuwa da motocinsu suna bin kaburbura suna karantawa, su tsaya a kaina su ce ga mai aron nan."

"In wanda ya ƙwace ya mayar fa?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "In ya mayar a inda ya ƙwace, ki sa. Da manyan baƙaƙe ma. Amma ba zai yi ba. Irinsu ba sa yi."

"Bar ni da shi," na ce.

Na yi masa alkawari ba zan sa sunan ba sai ka mayar. Ni kuma hannuna ba zai iya sa "Wilf kawai" ba, kamar kabarin kare. Shi ya sa babu dutse ko ɗaya. Ƙasa ta daɗe da kwantawa, mai sassaƙar dutse ya tambaye ni har ya gaji. Babanmu yana dama da shi, Jabez yana sama kaɗan, Annis tana jikin katanga, kowa da Keldshaw a kansa. Wilf yana tsakiyarsu, tudun ciyawa ne da kwalbar furanni.

Na buga maka waya bayan jana'iza. Ka ce, "Thirza, na yi baƙin ciki ƙwarai." Kafin gwajin nan Mis Keldshaw kake ce mini, na lura. Na gaya maka komai, ban rage ba. Ka ce ai ba wanda ya hana, a doka sunansa ne, in je in sa. Na ce ba doka ce ta cire ba. Ka ce ba za ka iya canja abin da kimiyya ta nuna ba. Na ce ban ce ka canja yawun bakinsa ba, maganar bakinka nake so ka canja. Ka ce za ka kai batun gaban kwamiti. Kwamitin nan kai ne, da matarka, da wani tsoho a Preston da ba ya ɗaga waya. Shiru kake ji.

Sai ga labarin taro na biyu, Yunin nan da ya wuce. Ba ka ko tambaye ni za a hau gona ba. Ka manta tawa ce yanzu.

Turbar da ta ratsa ƙasan filin ta kowa ce tun kafin a haife mu. Ba ni da ikon rufe ta, ban kuwa rufe ba. Amma idon ruwa ba a kan turba yake ba, sai an ratse an hau, kuma ciyawar da ke tsakani tawa ce. Na hau na yashe idon da kaina a makon, da gwiwoyin nan nawa. Na ɗauko igiyar ɗaurin ciyawa, mijin Noreen ya kafa mini turaku, muka ja ta a gefen turba daga katanga zuwa katanga. Ranar taro na kai kujera na zauna a bayan igiyar, da laima, da karen Wilf. Noreen ta kawo fulas.

"In 'yan sanda suka zo ban san ki ba," in ji ta.

"Zuba mini shayi, matsoraciya."

Kuka tsallako katanga ɗaya bayan ɗaya, kai a gaba, wannan karon da takalmin robanka na kanka. Ka ga igiya ka tsaya.

"Thirza, mene ne wannan?"

"Igiya."

"Mutanen nan daga wata uwa duniya suka zo."

"To ga turba nan, su bi. Za ta kai su har gari na gaba. Daga inda kake ma ana hango bishiyoyin."

"Wilf bai taɓa hana mu ba."

"Je ka tambaye shi, yana maƙabarta. Sai dai za ka sha wuya kafin ka gane kabarin."

Mutane suka jeru a turba layi guda, don ba ta da faɗi, ruwa kuma ya fara sauka. Matar nan mai jar fuska daga Ostareliya ta kutso gaba. Bev sunanta. Ta ce me ke faruwa, na gaya mata da ƙarfi yadda na baya za su ji, tun daga zauren taro har asibiti. Ta sunkuya ta dubi farin bajon da ke ƙirjinta.

"Ni ma abin nan ya daɗe yana ci mini rai," ta ce. "Na auri Keldshaw ina 'yar ashirin. Na ajiye sunan ubana, na haifa musu maza huɗu, na binne mijin. Ga su can, ƙattai, kowa da shuɗi. Ni da na wanke musu kashi, fari."

"Ashe ke ma aro kike yi."

"Da alama. Kuma har yau ba wanda ya zo karɓa."

Na ɗaga igiyar da sandata. "Wuce ki sha ruwa, 'yar'uwa."

Sai na miƙe na ce duk mai farin bajo ya wuce. Masu shuɗi su tsaya a turba, tunda jininsu ya ishe su, ba sa bukatar ruwa. Matan aure suka fara sunkuyowa ta ƙarƙashin igiya, wasu suna dariya, wasu suna waiwayen mazansu. Wani mutum daga Otago da aka riƙe tun yana jariri ya wuce yana goge ido. Na ba Bev kofin Annis na ce ita za ta ɗebo na farko, ta yi hankali da koren dutse.

Ɗaya daga cikin ƙattanta ya ce, "Mama, mu fa?"

"Ku tsaya nan ku ji yadda yake," in ji ta.

Doug ya matso ya cire bajonsa ya cusa a aljihu. "Mis Keldshaw, ban san haka aka yi ba," ya ce. "Da na sani da ban karɓi kofin ba."

"Na yarda," na ce. "Amma shiga aljihu ba ya mai da shi fari. Tsaya a wurinka."

Ya tsaya, bai yi musu ba. Shi kam na ga mutuncinsa.

Kai kuwa ka matso jikin igiya, ruwa yana ɗiga daga hularka, ka rage murya.

"Thirza, in na ɓata miki rai, ki yi haƙuri."

"Ɗaga murya. Waccan a lasifika ka yi ta."

"Ba zan iya tsayawa in ce gwajin ƙarya ne ba. Mutanen nan sun yarda da ni ne don ba na lanƙwasa gaskiya."

"Wa ya ce ƙarya ne? Magini ne ko mai wa'azi, mun ji, mun daɗe da ji. Tsinken ya ce uban Jabez ba Keldshaw ba ne. To uwarsa fa? Tsinken ya ce aro? Wannan kai ka ƙara daga bakinka."

Na ga ka gane, Lionel, kar ka ce ba ka gane ba. Ka waiwaya ka ga mutane suna kallonka, sai ka ce ba nan ne wurin wannan magana ba. Ka juya ka tsallake katanga, ka shiga mota ka zauna, gilashi a rufe, har matan suka sauko da jiƙaƙƙen takalmi.

Tunda can ba wurinta ba ne, ga ta nan a mujallarka. Katin nan mai hoton fure da matarka ta aiko, na hura murhu da shi. Ba na son ɗan gyara a shafin baya da ƙananan baƙaƙe. Na yi magana da mai riƙe da makullin zauren taro, ya ce duk ranar da na ce zai buɗe. Mutanen kasuwar tumaki sun ce za su zo. Su suka ɗauki gawar Wilf, kuma tun daga ranar ba wanda ya iya haɗa ido da ni a cikinsu. Su suka ji ta farko, su za su ji ta biyu. Ka hau dandamalin nan, a kunna maka lasifika, ka kira Annis da sunanta, ka ce sunan Wilf nasa ne, ba aro ba. Washegari mai sassaƙa zai kama aiki. Kafin nan igiya tana nan, ko sau nawa za ku zo.

Ku kuma da kuke karanta wannan a Ontario da Otago da Lancashire, shugabanku ne, ku kuka ɗora shi. Ku tura shi.

Gwiwoyina ba sa kai ni maƙabarta kowane mako yanzu, kuma bayana babu sauran Keldshaw a Osgill da zai sa dutsen nan. Ba ni da lokacin jiran kwamiti. Ka zo, Lionel, ka tsaya a inda ka tsaya, ka amsa mini a gaban jama'a: wa ya ba ka ikon cire wa yayana sunansa?